Asabar, filin besbol

Yau wasan yara 'yan shekara 14 aka ba mu, ni da wani dattijo Ba'amurke da ya daɗe yana alƙalanci. Shi ya tsaya bayan mai cafe ƙwallo, ni na ɗauki fili. Dama in alƙalai biyu ne haka abin yake, in ba kowa a kan bes, wato wuraren da mai gudu ke takawa, ina tsayawa a wurin da ake kira A, bayan bes na farko daf da layi, da zarar an samu mai gudu sai in shigo cikin fili, wurin B ko C, ya danganta da inda yaron yake.

A zagaye na biyar akwai yaro a bes na biyu, ina C kenan, aka bugo ƙwallo ƙasa-ƙasa, aka jefa ta bes na farko amma jifan ya karkace sai da mai tsaron wajen ya miƙe iya tsawonsa kafin ya cafke. Na ga ƙwallo ta riga mai gudu, wannan ba tantama, amma ƙafar mai tsaron fa? Daga inda nake ba ka iya ganin ko tana taɓa bes ko ta zame. Kafin in ce komai sai na nuna dattijon na ce ya ɗaga ƙafa? Ya ce eh ya ɗaga. Na ce sef, wato mai gudu ya tsira. Ba wanda ya ce uffan, don tun kafin hukunci ya fita bakina na tambaya, kuma shi yana kallon layin sosai daga inda yake.

To can gaba wani yaro ya yi ƙoƙarin satar bes na biyu, wato ya ruga can tun ba a bugi ƙwallo ba, na ce awut, ya fita kenan, sai ga kocinsu da sauri, wai don Allah in tambayi abokin aikina. Na ce masa koc, wannan na gani da idona. Ina nan taku kaɗan, na tsaya cak, na ga safar hannu mai ƙwallo ta taɓa shi kafin ƙafarsa ta isa, shi kuwa dattijon yana can nisan ƙafa 127, me zai gani da ban gani ba? Ai ba taimako kocin yake nema ba, alƙali na biyu yake nema ko a dace. In ka biye masa sau ɗaya shikenan, har a tashi wasa kowane hukunci sai an yi ciniki kamar a kasuwar Kurmi. Dattijon ko kallonmu bai yi ba, dama doka ta hana wani alƙali ya sa baki a hukuncin ɗan'uwansa sai in mai hukuncin ne ya nema.

A wajen fakin muna cire kaya ya ɗauko zancen Jim Joyce, alƙalin babbar gasar besbol ta Amurka, wanda a 2010 ya ce sef a bes na farko alhali awut ne, ya hana Armando Galarraga, mai jefa ƙwallo na ƙungiyar Detroit, kammala wasan da ba wanda ya taka bes ko ɗaya, saura mutum ɗaya tal. Ya ce Joyce bai tambayi kowa ba don a ransa ya gani, kuma ko da ya tambaya ba wanda ya fi shi kusa. Su a babbar gasar tun 2014 bidiyo ke raba musu irin wannan gardama, mu nan ba mu da ko ɗaya.

Gobe ni ne a bayan mai cafe ƙwallo, kuma wallahi gwiwoyina tun yanzu sun fara ƙorafi.