Ƙafa ɗaya ta kumbura, ku ɗauko tef

Ƙarshen watan nan zan bar sashen tiyata, kuma abin da zan bar wa ƙannena masu jinya bai wuce maganar daskarewar jini a jijiyar ƙafa ba, wato DVT ɗin da muke rubutawa a fayil.

Wata dattijuwa ce aka yi wa aikin ƙugu, ta yi kwanaki ba ta taka ƙasa ba. Ina gyara mata shimfiɗa na ji sharaɓarta ta hagu da ɗumi, ta cika tam, in ka danna yatsa sai ya bar rami. Na auna santimita 10 ƙasa da tudun ƙashin da ke gindin gwiwa, na ga ta fi ta dama kauri da santimita 4. Ma'aunin Wells kuwa, wanda ake ƙiyasta yiwuwar DVT da shi, bambancin da ya haura santimita 3 yake ƙirgawa, ga tiyata, ga doguwar kwanciya.

Wajen zagayen duba marasa lafiya na ce wa babban likita, "Yallaɓai, ƙafar nan tana son hoton Dofla," wato hoton da ke nuna gudanar jini a jijiya. A gaban ɗalibai ya ce, "Sista, ke dai ki ji da bandeji." Ya lanƙwasa tafin ƙafarta sama, ba ta ce wash ba, ya ce tsoka ce. Gwajin Homans ke nan, wanda aka daɗe da daina dogaro da shi.

Ba a jima ba numfashi ya sarƙe mata, zuciya na gudu, ƙirji na suka. Gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu. Da sauran kwananta, heparin, maganin hana daskarewar jini, ya kama. A taron bita sai aka ce masu jinya ba su sanar ba, alhali awon yana fayil, da lokaci, da sa hannuna. Har yau ba wanda ya ba ni haƙuri.

Abin da ke haddasa ciwon uku ne, waɗanda ake jingina wa likitan Jamus Virchow: jini ya daina gudana sosai, bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin ya zama mai saurin daskarewa. Don haka ku sa ido kan mai ciwon daji, mai ciki da mai jego, mai shanyewar ɓarin jiki, mai ƙiba, da wanda ya taɓa yi. Da yawansu ƙafar ba ta nuna komai, shi ya sa nake duba ko an rubuta allurar enoxaparin mai hana daskarewar jini tun kafin kumburi. Gwajin D-dimer, gwajin jini na neman alamar daskarewa, bayan tiyata yakan hau ko babu gudan jini. Ku hana 'yan jinya murza ƙafar da ake zargi. Kuma duk abin da kuka faɗa wa babba da baki, ku rubuta shi nan take.