Ganin Kailash Ba Zagaya Shi Ba Ne

Shekara huɗu na yi ina kula da lafiyar wani dattijo Ba'indiye a Kano kafin maganar tafiyar nan ta taso. Ni ma'aikacin jinya ne, kullum da safe nakan biya gidansa in auna masa jini da suga, in duba magungunansa. Ya fi shekara arba'in a garin, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Baba nake ce masa, matarsa Mama, shi kuma ya kira ni Malam, in tsokana ta motsa ya ce "likita".

Wata safiya a farkon 2019 ina naɗa masa abin awon jini a hannu ya ce, "Malam, bana za mu je Kailash, kuma ƙafata ƙafarka." Shekararsa 68 a lokacin. Na ce, "Baba, dutse za ka hau da wannan jinin?" Ya yi dariya ya ce ba hawa ake yi ba, zagayawa ake yi, babu mai taka kansa.

Kailash yana yammacin Tibet, a hannun ƙasar Sin, tsawonsa mita 6,638. A wurin mabiya Hindu nan ne mazaunin Shiva. 'Yan Buddha da 'yan Jain da mabiya Bon, tsohon addinin Tibet, su ma kowa da abin da ya ɗora wa dutsen. A kudu da shi akwai tabkin Mansarovar, kuma daga wannan yanki ne manyan koguna huɗu ke tasowa: Indus, Sutlej, Karnali da Brahmaputra. Gwamnatin Indiya tana da nata tsarin kai 'yan ƙasa, da ƙuri'a ake zaɓa, mu kuwa kamfani mai zaman kansa muka bi ta Nefal. Ba a shiga wurin gaba gaɗi: dole sai da rukuni, da jagora da hukuma ta sani, da takardun izini. Bizar ma takarda ɗaya ce ta kowa da kowa, tare za ku shiga, tare za ku fita.

Tun a gida na shaida wa Baba matsayina: aiki na zo, ba zan shiga ibadarsu ba. Ya ce ai shi ma bai taɓa gayyatata ba. Haka aka yi har muka dawo. In suna bautarsu ina gefe riƙe da jakar magani, in lokacin sallata ya yi, Mama ce ma ke korar mutane daga kusa da dardumata.

Mu talatin da 'yan kai ne. A Katmandu suka fara da ziyarar gidan ibadar Pashupatinath, muka jira biza ta fito, sannan muka kama hanyar iyaka ta Rasuwagadhi, wadda aka koma bi bayan girgizar ƙasar 2015 ta lalata ta Kodari. Hanyar ba ta kai kilomita 200 ba, amma ta cinye mana wuni cur, ga taɓo, ga kwazazzabo. Kafin mu tsallaka jagoranmu, wani ɗan ƙabilar Sherpa ta Nefal, gajere mai sanyin magana, ya gargaɗe mu kada a samu hoton Dalai Lama, jagoran addinin Buddha na Tibet da ke gudun hijira, a waya ko a littafin kowa. Da muka shiga sai agogo ya yi tsalle da awa biyu da kwata, domin duk faɗin Sin lokacin Bejin ake bi. Daga nan na daina kallon agogo don salla, na koma duban rana. Alƙibla ma ta juya: mu da muka saba cewa "fuskantar gabas", can yamma ake kallo.

A garin Saga na ji kunya. Kano ba ta kai mita 500 daga teku ba, Chappal Waddi da ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya mita 2,419 ne, mu kuma a kwana biyu mota ta ɗaga mu daga ƙasa da mita 3,000 a Kerung zuwa sama da 4,400. Na raba wa kowa Diamox, maganin ciwon hawa tudu, na yi ta huɗubar shan ruwa da tafiya a hankali, sannan ni na sungumi jaka biyu na haura bene da sauri, wai ni matashi. Kafin magariba kaina kamar ana sara da gatari. Na yi shiru, na haɗiyi farasitamol. Wanzami ba ya son jarfa. Da dare na yi amai sau biyu.

Jagoran nan bai ce mini komai ba. Da ya zo zagayen awo da 'yar na'urar auna oksijin a jini da ake maƙalawa a yatsa, ya gama da Baba, sai kawai ya kama hannuna ya maƙala. Na Baba 84, nawa 74. Baba ya leƙo ya gani, ya ce, "Likita, yau wa zai duba wa?" Aka sa mini oksijin na ɗan lokaci, aka kawo miyar tafarnuwa mai zafi, aka hana ni ɗaukar ko buta. Sa'ar da na ci ita ce akwai kwanan hutu a Saga cikin tsarin tafiyar. Duk wanda zai biya kuɗi ya fara ƙirga kwanakin hutun nan kafin ya dubi farashi, domin kamfanin da ya fi arha galibi su yake yankewa. Mu kuma 'yan nahiyarmu akwai ƙarin abu guda: a san nau'in jini, AA ne ko AS ko SS, kafin a tafi. Mai AS, wanda a gida bai san yana da wata matsala ba, a irin wannan tudu saifarsa na iya samun matsala mai tsanani. Mai sikila kuwa kada ma ya soma.

Ana saura kaɗan a isa tabkin motar ta hau wani tudu, direba ya tsaya. Can nesa ga Kailash, shi kaɗai, fari fat kamar an kife ƙwarya a kan duwatsu. Motar ta rikice da kirarin Shiva, "Har Har Mahadev!" Wasu suka zube a ƙasa a bakin titi. Mama ba ta ce uffan ba, hannuwanta a haɗe, hawaye na bin kumatunta. Daga baya ta gaya mini shekara talatin tana jiran wannan kallo. Ni abin da ya zo mini shi ne maganar mutanenmu, ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Mansarovar yana wajen mita 4,590. Ban taɓa ganin ruwa mai shuɗi irin nasa ba, kuma launin yana canzawa da tafiyar rana. Hindu sun ce a zuciyar Brahma, mahalicci a addininsu, aka fara ƙaga shi, sunan ma abin da yake nufi ke nan. A gefensa ga Rakshas Tal, ruwan gishiri, wanda ake dangantawa da Ravana, sarkin aljanu a labaransu. Babu mai wanka a ciki, ko tsayawa ba a cika yi ba. Jagora ya ce an hana shiga tabkin, sai dai a ɗebo a bokiti. Na so in hana Baba, na ga babu fuska. Muka yi ciniki: moɗa uku, da rana tsaka, tawul da rigar sanyi a hannuna. Ya kwara, ya saki wata ƙara, haƙora na karo, amma fuskarsa kamar an yi masa albishir. Suka hura wutar hadaya suna zuba man shanu da hatsi, kowa kuma ya cika jarka zai kai gida. Wannan ɗaukar jarka ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa taryen alhazai a filin jirgi.

Abincin hanya babu nama ko ƙwai. Ma'aikatan Nefal ke gaba da mu da motar kaya, su dafa shinkafa da wake-wakensu, da gurasar capati, da shayi. Tudu yana kashe sha'awar abinci, sai ka tilasta wa kanka. Dabino da ƙuli-ƙulin da na ƙunso daga gida sun yi mini rana, har wasu suka koyi zuwa roƙo.

Zagayen dutsen, wanda suke kira parikrama, kusan kilomita 52 ne daga Darchen, garin da ke gindin dutsen, a dawo Darchen, kwana uku. Mota ta kai mu Yam Dwar, ƙofar ubangijin mutuwa a fassararsu, inda masu dawaki ke jira. Ba ka zaɓar doki, takarda za ka ja, wanda ya faɗo maka shi ne naka. Baba ya biya mini doki tun a Darchen. Da a da ne sai in ƙi, amma Saga ta koya mini hankali. Hindu da 'yan Buddha suna sa dutsen a damansu, akasin yadda muke ɗawafi, mabiya Bon kuwa a hagu, shi ya sa lokaci-lokaci za ka yi kiciɓis da masu tahowa ta gabanka.

A hanyar na ga wata mata 'yar Tibet da ban manta da ita ba. Ta ɗaura fata a gabanta, katako a tafin hannuwanta. Ta miƙe, ta haɗa hannu, ta kwanta rub da ciki, ta ja layi da yatsa inda hannunta ya kai, ta tashi ta taka zuwa layin, ta sake kwantawa. Goshinta ya yi kanta. Haka za ta auna dutsen da tsawon jikinta, makonni. Na wuce ta a kan doki ina haki, ta ɗago ta yi mini murmushi.

Dirapuk, masaukin farko, yana dab da mita 5,000, fuskar dutsen ta arewa tsaye a kanka, baƙa da zanen ƙanƙara, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ruwa ya daskare a buta, da taimama na yi sallolin daren. A nan ne aikin da na zo yi ya same ni, kuma ba ta wajen Baba ba. Wajen ƙarfe biyu na ji Mama na tari, tari mai jiƙa. Na auna, 66. Na sa abin sauraro a bayanta, na ji ƙarar da ba na son ji: ruwa ya fara taruwa a huhu. Wannan ba ya da wani magani da ya wuce sauka.

Na taso jagora, ya duba, ya kalle ni. Ya bar mini maganar.

Na durƙusa na ce, "Mama, gobe ba za ki hau ba."

Ta ce, "Malam, saura kwana ɗaya. In mutuwar ce ma, ina ya fi nan?"

Ba da wasa take ba, da yawansu sun yi imani da haka. Ban yi mata gardamar addini ba, ba hurumina ba ne. Na ce, "In kika faɗi a sama babu motar da za ta je, mutum huɗu za su ɗauko ki a kafaɗa, kuma Baba ba zai ƙarasa ba." Ta daɗe shiru. Sannan ta cire mayafin da ke wuyanta ta miƙa wa mijinta. Muka sa mata oksijin har asuba, ɗansu da ke cikin tafiyar ya sauka da ita Darchen a motar gaggawa. Kamfanin ya yi alkawarin tulun oksijin isasshe, amma biyu kacal suka hauro da su, ɗaya ma rabi. Da wani ya sake faɗuwa a daren, da ban san yadda za mu yi ba. Tun daga ranar ba na yarda da "akwai", sai na gani na jijjiga.

Kwana na biyu kusan kilomita 22 ne. Muka tashi da duhu da fitila a goshi. Kafin ƙololuwa akwai wani fili da ake kira Shivasthal, cike da tsofaffin tufafi da mutane ke bari alamar sun rabu da tsohuwar rayuwa. Baba ya sauka ya ɗaura mayafin Mama a jikin dutse. Mashigar Dolma La tana wajen mita 5,630, iskar da kake shaƙa kusan rabin ta gida ce, taku goma sai ka tsaya. Tutocin addu'a sun rufe ko'ina, iska na kaɗa su kamar ana yayyaga zane. Jagora bai bar mu mun yi minti goma ba.

Abin da ba a faɗa a talla shi ne doki ba ya sauka da mutum. Gangaren ya yi tsanani, kowa sai ya taka da ƙafarsa, kilomitoci cikin duwatsu da ƙanƙara. Na riƙe Baba ta dama, sanda ta hagu. Can ƙasa ga Gauri Kund, ɗan tabki kore shar, inda suka ce Parvati matar Shiva ke wanka. Baba ya tsaya, ya kira wani ɗan dako, ya ba shi kuɗi da gorar ruwansa bayan ya zubar da abin da ke ciki. Na ce, "Baba, ruwan shanka ne fa." Ya ce, "Za mu sha naka." Yaron ya gangara ya hauro cikin abin da ni zai ɗauke ni wuni.

Mun isa Zutulpuk da almuru, ƙafafuna ba nawa ba. Washegari tafiya kaɗan ce zuwa inda mota ke jira.

Muka tarar da Mama zaune a ƙofar masauki a Darchen, lulluɓe da bargo, tarin ya lafa, awonta ya koma 83. Baba ya ciro gorar daga cikin rigarsa, inda ya ɓoye ta tun jiya don kada ta daskare. Ta buɗe, ta zuba kaɗan a tafin hannu ta shafa a ka. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Malam, ka ci abinci kuwa?"