Mu biyar da akwatuna huɗu zuwa Kaduna

Jirgin ƙasa na safe muka hau daga tashar Idu da ke Abuja, mu biyar da akwatuna huɗu. A da, in za a nuna ƙwallo kai tsaye daga Kaduna, babbar motar watsa shirye-shirye ake turowa, da faranti a kanta yana kallon sama, ga tawagar mutane a biye. Wannan karon darakta da mai haɗa sauti suna Abuja cikin sanyin ofis. 'Yan kyamara uku aka turo, sai ni, sai Baba, wanda tun zamanin kaset yake wannan aiki.

Mun haura awa biyu kafin Rigasa, tashar jirgin Kaduna. Keke Napep ya gaza ɗaukar kayan, muka yi shatar bas, muka ratsa Tudun Wada zuwa filin wasa na Ahmadu Bello. Hazon hunturu ya rufe gari, rana kamar faifan tsakuwa.

Aikina shi ne haɗa waya. Kowace kyamara tana fitar da bayanai masu yawan gaske, kusan gigabit 1.5 a daƙiƙa, wayar tagulla kuwa in ta wuce mita 100 sai hoto ya fara kakkaryewa. Don haka akwai ɗan akwatin da ke mayar da hoton da sautin haske, ya zuba su cikin zaren gilashi, wato faiba. Mu matse su kaɗan, mu miƙa wa layin kamfanin sadarwa, sai Abuja. Ta nan kuma muryar darakta take dawowa kunnen ɗan kyamara, tare da jan fitilar da ke gaya masa shi ake kallo.

Baba bai yarda ba. "Ɗana, mutum yana Abuja zai ce mini juya dama, kafin maganar ta iso ai an ci ƙwallo."

Na ce, "Baba, haske a cikin gilashi yana cin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Nan da Abuja bai kai ƙiftawar ido ba. Tauraron ɗan Adam da kuka saba da shi yana can sama kusan kilomita 36,000, hawa da sauka kaɗai rubu'in daƙiƙa ne." Ɗan jinkirin da muke samu, akwatunan matse hoto ne ke jawo shi, hanya ba ruwanta. Ya taɓe baki kawai.

Saura minti ashirin a take wasa, kyamara ta uku ta yi baƙi ƙirin a Abuja. Gabana ya faɗi, don zatona na farko masu gyaran titi sun datse layi, abin da ya zama ruwan dare. To amma sauran biyun suna tafiya lafiya lau. Na sake akwati, na sake batir, shiru. Zufa ta karyo mini duk da sanyin.

Baba ya tsuguna ya zare bakin wayar, ya ɗaga shi sama. "Ka bar murfin a buɗe cikin wannan ƙura?"

Haka ne kuwa. Tsakiyar zaren da haske ke bi faɗinta mikiron 9 ne kacal (mikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), gashin kai ya ninka shi sau da yawa, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta toshe shi. Na goge da ƙyalle mai sinadari, na mayar. Sai muryar darakta a kunnena: "Uku ta dawo, kar kowa ya taɓa komai."

Jirgin yamma ya wuce mu muna naɗe waya. Muka kwana a Kaduna, kuɗin tsiren daren kuwa Baba ya ce daga aljihuna zai fito.