Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Sunaye a Kan Dutse da Sunaye a Cikin Littafi

A makon jiya na tsaya ne a daidai lokacin da na shiga shekarata ta biyu ina karatun aikin gona a jami'ar Virginia Tech da ke garin Blacksburg a Amurka. Ranar Laraba, 16 ga Afrilu, 2008, aka cika shekara guda da ranar da wani ɗalibi ya bindige mutum 32 a jami'ar, kafin ya kashe kansa. Mun taru a babban filin makaranta, inda aka jera duwatsu 32 cikin siffar jinjirin wata, kowanne da sunan mamaci guda. Na daɗe a tsaye gaban dutsen Farfesa Liviu Librescu, dattijo ɗan shekara 76 wanda ya tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi yana yaro, ya zo ya tokare ƙofar aji da jikinsa har ɗalibansa suka dira ta taga.

A wannan rana ce kuma Fafaroma Benedict na 16 yake Washington, ana yi masa bikin cika shekara 81 a Fadar White House. Washegari ya gana a keɓe da wasu 'yan kaɗan daga cikin waɗanda limaman coci suka yi lalata da su tun suna yara, Kadinal Sean O'Malley, babban limamin Katolika na Boston, kuma ya miƙa masa wani littafi mai ɗauke da sunayen mutum wajen dubu da aka yi wa irin wannan lalata daga yankin Boston kaɗai.

Ni ɗan Katolika ne, mahaifina kuma katakis ne, wato mai koyar da addini a coci, da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa coci hidima a ƙauyukanmu, saboda haka maganar ta yi mini ɗaci a baki. Mamatanmu an kira sunayensu a bainar jama'a, amma waɗancan yara sun shekara da shekaru ana rufa-rufa a kansu, ana ɗauke limami mai laifi daga wannan coci a kai shi wancan, har sai da jaridar Boston Globe ta fasa ƙwai a 2002, Kadinal Bernard Law, babban limamin Boston a lokacin, ya yi murabus. Abin da har yau ban haɗiye ba shi ne, bayan murabus ɗin an ba shi kulawar wata babbar majami'a a Roma.

Da daddare na kira Baba na zayyana masa komai. Ya yi shiru har na zaci layi ya katse, sannan ya ce, "Ɗana, su iyayen yaran fa, akwai wanda ya je ya ba su haƙuri?"