Abin da tasha ta koya min game da kwali da kuɗin mota

Shekara huɗu kenan ina sayar da turaren wuta da humra da mayafai ta WhatsApp da Instagram daga nan Kano, kuma wallahi sai da na kusa cinye jarina kafin na gane inda kuɗina ke zurarewa. Ciniki akwai, alat na shigowa, amma ƙarshen wata in zauna lissafi in ga ba komai a hannu.

Da na fara, burina kawai kaya ya yi kyau a hoto. Kwali mai ruwan gwal, ribon, sitika mai sunan shago, ɗan kati na godiya, sannan in saka duka a wata jakar takarda mai igiya. Kwalbar turare ɗaya fa. Umma ta taɓa tsayawa tana kallona ina ɗaure ribon ta ce, ke wannan turare kike sayarwa ko lefe kike haɗawa? Na ce Umma ai haka ake yi yanzu. Ba ta ƙara magana ba, ashe ita ce da gaskiya, don duk wannan ƙawar a but ɗin mota take ƙarewa, a ɗora mata buhu a kai, kafin a isa Kaduna kwalin ya lotse.

Abin da ya farkar da ni shi ne cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ƴan kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ɗan sahu ya ƙara kuɗi, direba ya ƙara kuɗin saƙo, kwastoma kuma ka faɗa mata kuɗin mota ta ce to bari zan yi magana, shikenan ba za ki sake jin ta ba. Lokacin duk odar da ta shigo a ranar nake fita, yau tashar Unguwa Uku gobe Unguwa Uku jibi ma haka, wani lokacin saboda kwalba biyu kacal, kuɗin adaidaita zuwa da dawowa ya cinye ribar gaba ɗaya ban ma lura ba saboda ban taɓa rubuta shi cikin kuɗin kaya ba.

Sai na tsayar da ranaku biyu, Litinin da Alhamis. Na rubuta a sitatus, na ɗauka mutane za su gudu, amma yawancinsu ko a jikinsu, mace dai ta san ranar da kayanta zai taso. Na Abuja kuwa na samu wata tsohuwar kwastomata a Kubwa muka yi magana, ina haɗa na mutum biyar ko shida a kwali ɗaya da sunan kowa a jikin ledarsa, ita ta karɓa a tasha su je wajenta, ni kuma in saka mata ɗan turarenta a ciki. Kuɗin saƙo ɗaya a raba shida, kowa ya ji sauƙi.

Kwali ma na daina sayen sabo. Mai shagon layinmu yana sarin kaya a kasuwar Singa, kwalayen taliya da na sabulu tara masa suke yi, na ce Malam a riƙa ajiye min masu ƙwari, wani lokacin ya karɓi ɗan abu wani lokacin ya ce haba Hajiya ɗauki kawai. Na sabulu dai ban sa mayafi a ciki saboda ƙamshin yana kamawa. Abin cusawa a gefe kuma ƙyallayen da telana ke sharewa ya zubar, su nake karɓowa a buhu, sun fi tsohuwar jarida don jarida tana zubar da baƙi a jikin kaya.

To amma akwai inda na yi gangancin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Da na ga ragi yana daɗi sai na sayo wasu kwalabe masu araha, murfinsu ba ya zama daidai, kuma na rage salatif wai kar ya ƙare da wuri. Wata baiwar Allah ta yi odar kayan amarya zuwa Jos, humra uku da mayafai huɗu, na haɗa su a leda ɗaya. Da yamma sai ga hoto. Farin mayafin nan mai duwatsu, humra ta zube ta yi masa wani shatin ruwan ƙasa tun daga tsakiya har gefe, murfin yana kwance a ƙasan ledar. Ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi ƴar uwa jibi ne fa kamu. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. A daren na haɗa wasu, da asuba na kai tasha, kuɗin kaya da na mota duk daga aljihuna, abin da na tara na wata biyu ya tafi.

Wani dattijo ɗan kamasho da ya ga ina ta jujjuya kwalin a hannu ya ce ƴata kawo nan. Ya buɗe, ya yanki ƴar leda ya shimfiɗa a bakin kwalbar sannan ya murɗa murfin a kai, ya naɗe wuyan da salatif zagaye uku, ya kifa ta ya girgiza a gabana, ko ɗigo. Ya ce kuma mai ruwa daban, tufafi daban, ko da kwali ɗaya ne. Tun ranar haka nake yi, kuma kwalba na koma mai tsadar, a nan kam ba na neman sauƙi ko kaɗan.

Na waje kuma wani karatun ne. Ranar da na fara aika mayafai Ingila na ɗauka nauyi kawai ake aunawa, ashe kamfanonin jirgi irin su DHL har girman kwalin suke lissafawa, tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita a raba da 5,000, wanda ya fi yawa tsakaninsa da nauyin gaske shi za ki biya. Kwalin da na kai 30 ne da 20 da 20, ya tashi kilo 2.4, alhali mayafan ko kilo ɗaya ba su kai ba, wato iska zan biya wa kuɗin jirgi. Na koma gefe na ninke su sosai na matse a leda mai ƙwari.

Sitikar sunan shago ita kaɗai na bari cikin kayan ƙawar nan, saboda lambata na jiki kuma mutane na kira ta nan. Ragowar ribon ɗin yana nan cikin durowa, ƙanwata ke ɗiba tana ɗaure wa ƴarta gashi ranar Juma'a.