Ni ba uwarta ba ce, amma ni na buga wayar

Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a islamiyyar unguwarmu a Agege da ke Legas, ajin 'yan mata na yamma in sun dawo boko. Ban taɓa kawo wa raina zan kai ƙarar mutumin da muke gaisawa kullum a bakin layi ba, amma na kai, kuma har yau akwai matan da in mun haɗu a kasuwa sai su kau da kai.

Yarinyar shekararta tara, uwar surutu ce, irin wadda sai ka ce ke dan Allah bar mu mu ji da kunnenmu. Kawai sai ta yi tsit. Sati biyu ba hadda, ta koma ƙarshen tabarma ta jingina da bango, abun da ya tsaya mun a rai shi ne da an tashi ta ji ƙarar keke Maruwan da ke kwasarsu sai ta riƙe gefen hijabina ta ce Malama bari in taya ki tattara littattafai. Ran wata Laraba na ce toh zauna. Magana kaɗan ta yi, wai ita mai keken yake saukewa ƙarshe, sai hawaye. Ban ƙara tambaya ba, ba don na san hakan ne daidai ba, bakina ne ya mutu. Daga baya ma'aikatan cibiyar da muka kai ta suka ce gara da na yi shiru, yawan tambaya rikita yaro yake, ya lalata shaida.

Na je wajen uwar da daddare, uban direban tirela ne yana hanya. Ta riƙe hannuna tana kuka tana Malama ki rufa mana asiri, wa zai aure ta in maganar ta fita. Dattawa kuma suka ce a sasanta, a kore shi daga unguwa shikenan. Na ce Baba a kore shi ya tafi ina, Mile 12 ko Idi-Araba ya ci gaba da kwasar 'ya'yan wasu? Ba wanda ya amsa mun.

Washegari na kira hukumar jihar Legas mai kula da cin zarafi, DSVA, a 08000 333 333, kiran kyauta ne. Suka tura mu cibiyar Mirabel mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da ke asibitin LASUTH a Ikeja, ko sisi ba mu biya ba. A can na ji cewa maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, kuma ba a wanke kayan yaro kafin a je, mu kuwa uwar ta riga ta wanke komai tas ta shanya, wannan har yanzu yana ci mun rai. Da na sani ma da tun ranar farko na rubuta kwanan wata da kalmomin da ta faɗa, don da aka tambaye ni sai da na yi ta lissafi da yatsu.

Dokoki akwai fa. Legas na da dokar haƙƙin yara tun 2007, a 2014 Fashola ya sa hannu a umarnin buɗe rajistar masu irin wannan laifi tare da wajabta wa malaman makaranta da sauran ma'aikatan gwamnati masu hulɗa da yara kai rahoto, kuma hukuncin lalata da ƙaramar yarinya a dokar jihar ɗaurin rai da rai ne. Amma ku duba wa ke wuni da yaranmu tsakani da Allah. Mai keke, mai gadi, 'yar aiki, malamin lesin, mai shagon da ake aikensu, maƙwabciyar da ake bar mata su in an tafi biki. Ba dangi ba ne, ba ma'aikatan gwamnati ba ne, kowa sai ya ce ina ruwana. Mai awarar ƙofar makarantarmu daga baya ta ce mun ai ta daɗe tana ganin ba daidai ba, ta ji tsoron a ce mata munafuka. A Amurka sai da badaƙalar wani kocin ƙwallo mai lalata da yara ta fashe a jami'ar Penn State a 2011 kafin jihohi da dama suka faɗaɗa dokarsu ta kai rahoto ta haɗa da koci da irinsu. Ni ina ganin in doka ta ambaci irin su mai awara ƙarara ta sama musu mafaka ne, ta ce ba gulma na yi ba, dole aka yi mun.

Mu dai ba mu jira majalisa ba. Kwamitin islamiyya ya rubuta takarda shafi ɗaya, duk mai hulɗa da ɗalibai ya sa hannu ko ya dangwala, in ya ga abu ya faɗa a ranar, kuma ba mai keken da zai rage da yarinya ɗaya tal a baya. Masu keke biyu suka yi fushi suka bar aikin, iyaye uku suka cire 'ya'yansu.

Ita kuma ta dawo gaban tabarma, jiya ma sai da na ce mata ke dan Allah yi mana shiru.