Godiyar Iyalan Marigayi Tsohon Kansila Ga Jama'ar Tawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin mahaifiyarmu Hajiya, da baffanninmu da gwaggonninmu, da ƙannena maza da mata, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daga jinyar mahaifinmu har zuwa addu'ar bakwai. Mai shi ya karɓi abinsa, mun kuma yarda da hukuncinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Muna gode wa likitoci da ma'aikatan jinya na babban asibitin jihar Tawa, waɗanda suka kula da shi dare da rana ba tare da ƙosawa ba. Muna gode wa samarin unguwa da suka ba da jini: saƙo ɗaya aka saka a WhatsApp bayan la'asar, kafin magariba sun cika ƙofar ɗakin gwaji, har sai da aka mayar da wasu gida. Liman da dattawan da suka yi masa wanka da sutura, matasan da suka haƙa kabari da rana tsaka, iyayenmu mata maƙwabta da suka ɗora tukwane suka dama fura ba wanda ya roƙe su, Allah ya saka muku da gidan Aljanna. Ƴan uwa da suka taso daga Ƙonni, Madawa, Buza, Keita, Illela da Abalak, da na Yamai da suka kwana a mota don su sami jana'iza, da ƴan ci-ranin Adar na Abijan, Kwatano da Libiya da suka yi ta bugo waya suna aiko da gudummawa, duk saƙonku ya iso, Hajiya ta ji sunan kowa.

Akwai kuma waɗanda zuwansu ya fi taɓa mu, wato mutanen da suka yi shekaru suna hamayya da shi a siyasa. Wanda ya kayar da shi a zaɓen ƙananan hukumomi na Janairun 2011 yana sahun farko a sallar gawa, yana kuma cikin waɗanda suka shiga kabari suka kwantar da shi. Baba Alhaji, ka san kanka. Ka zauna da mu a kan tabarma har aka tashi makoki, kana karɓar gaisuwa kamar ɗan'uwanka na jini ka rasa. Allah ya bar zumunci, ya ba ka lafiya.

A zaman makokin matasa da dama sun tambaye ni yadda marigayi yake kallon halin da ƙasa take ciki. Wasunsu ba su taɓa jefa ƙuri'a ba. Na ga ya dace in rubuta abin da na sani daga bakinsa, don shi ne gadon da ya fi bar mana.

Malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. Lokacin Babban Taron Ƙasa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991, rediyo ba ta barin kunnensa, yana sauraron yadda ƴan ƙungiyar ƙwadago da ɗalibai suke tuhumar manya a gaban shugaban taron, Farfesa André Salifou. Daga zaɓen 1993, wanda Mahamane Ousmane ya ci a zagaye na biyu, ya zama wakilin jam'iyya a runfar zaɓe, kuma wannan aikin ya fi so fiye da hawa dandamali da lasifika.

Ina yaro nakan kai masa shayi a ajin da ake ƙidaya. An tura tebura gefe, fitilar ƙwai a tsakiya, akwati a buɗe. Ana buɗe ambulan ɗaya bayan ɗaya, ana ɗaga takarda kowa ya gani, ana faɗin suna da ƙarfi, wani yana jan layi da alli a allo, layi huɗu na biyar ya gicciye su. Jama'a sun manne da tagogi suna ƙidaya tare. Baba yana riƙe da nasa littafin yana bi. Idan lissafinsa ya yi daidai da na allo, zai sa hannu a takardar sakamako ko da jam'iyyarsa ce ta sha kaye, kuma a Tawa sau da yawa ita ce ke shan kayen. An sha yi masa faɗa a kan haka. Amsarsa ita ce wakilin da ya ƙi sa hannu a kan gaskiyar da ya gani da idonsa ba shi da bakin yin ƙorafi ranar da aka yi masa maguɗi.

Shi ya sa zaɓen 7 da 8 ga Yulin 1996 ya tsaya masa a rai har ya tsufa. Ana cikin tattara sakamako aka rusa hukumar zaɓe ta CENI, aka kafa wata, aka tsare ƴan takarar adawa a gidajensu, aka ce Janar Ibrahim Baré Maïnassara ya ci tun zagayen farko. Yakan ce juyin mulkin da Baré ya yi ranar 27 ga Janairun wannan shekara kujera ya ƙwace, amma abin da aka yi a Yuli ya koya wa talaka cewa tsayuwarsa a layi cikin rana aikin banza ne, kuma wannan ɓarnar ta fi wuyar gyara. Duk da haka bai yi murna ba da aka kashe Baré a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilun 1999. Ya yi masa addu'a a gabanmu.

An zaɓe shi kansila a zaɓen 24 ga Yulin 2004, lokacin da ƙananan hukumomi suka fara samun zaɓaɓɓun majalisu. Bai gama zama a kujera ba fari da fara suka cinye amfanin gona, 2005 ta zo da yunwar da jihohin Tawa da Maraɗi ba za su manta ba. Da aka kawo hatsin da ake sayarwa da rahusa, shi aka ɗora wa rubuta sunayen unguwarmu. Da dare wasu ƴan jam'iyyarsa suka zo zaure suka ce a fara da waɗanda suka yi wahalar kamfe. Ya ba su ruwa suka sha, ya ce yunwa ba ta duba katin jam'iyya ba da ta shigo, shi ma ba zai duba ba. Ya fara da matan da mazansu suka rasu da gidajen da maigida ya tafi ci-rani bai aiko ba. Washegari ya tsaya a kan mai awo da kansa, yana kallon kowace tiya ta cika har ta yi tozo. Wasu daga cikin waɗanda suka zo zauren sun daɗe ba sa gaishe shi. Wannan makon na ga ƴaƴansu suna ɗaukar makara.

Aikin da ya fi ɗauka da muhimmanci shi ne takardar haihuwa. A matsayinsa na tsohon malami ya ga yara masu ƙwaƙwalwa sun kai ajin ƙarshe an hana su jarrabawa saboda ba su da takarda. Yakan bi gida-gida ya rubuta sunan yaro da na iyaye da shaidu, ya kai ofishin magajin gari, ya bi ta kotu idan lokacin rajista ya wuce. A ganinsa wannan ne aikin kansila: takarda, famfo, magudanar ruwa kafin damina, shara, rumfar kasuwar Lahadi. Wanda ya raina waɗannan, in ji shi, ko an kai shi majalisar dokoki ba abin da zai tsinana. Rabon sabulu da sukari da turamen atamfa a daren zaɓe kuwa ya tsane shi, kuma laifin ya fi ɗora wa mai bayarwa, don shi ne ya san darajar abin da yake saye da jika guda.

Jarrabawarsa mafi girma ta zo a 2009. Yana ƙaunar Tandja Mamadou tun lokacin da ya riƙe jihar Tawa daga 1981 zuwa 1988, ya zaɓe shi, ya yi masa kamfe a garin da yin hakan ba shi da sauƙi. Amma da maganar tazarcen Tandja a kujerar shugaban ƙasa ta taso, aka rusa majalisar dokoki, aka rusa kotun tsarin mulki don ta ce a'a, Baba ya ƙi fita zaɓen raba gardama na 4 ga Agusta. Abokansa suka ce ya ci amana. Ya ce mulki kayan aro ne, komai kyan da ya yi wa mutum, ranar da aka yi alkawari sai a mayar wa masu shi. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka shiga fada suka kifar da Tandja. Da Baba Tandja ya rasu a Nuwamban 2020, mahaifinmu ya yi kuka, bai kuma janye ko kalma ɗaya daga abin da ya faɗa ba.

Da ya faɗi a 2011, bayan sallar asuba ya ɗauki takardun ayyukan da bai ƙarasa ba ya kai gidan wanda ya ci, ya yi masa barka, ya nuna masa inda kowanne ya tsaya. Yana yaba wa Issoufou Mahamadou da ya amince da kaye a 1999, da Seini Oumarou da ya amince a Maris ɗin 2011. Ya yi farin ciki ranar 2 ga Afrilun 2021 da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba mulki, karon farko tun samun ƴancin kai a 1960. Amma bai rufe ido a kan laifin farar hula ba. Bai ji daɗin zaɓen 2016 ba, da Hama Amadou ya yi takara daga gidan kason Filinge. Ya yi ta faɗa a kan yadda aka yi ta ɗage zaɓen ƙananan hukumomi har sai 13 ga Disamban 2020, kansilolin 2011 suna zaune wa'adinsu ya daɗe da wucewa. Yakan ce ƴan siyasa da hannunsu suke buɗe wa soja ƙofa.

Juyin mulki biyar ya gani, daga na Seyni Kountché a 1974 zuwa na 26 ga Yulin 2023. Bai taɓa zagin soja ba, yana da ɗalibai a cikinsu, kuma kisan mutum 137 a yankin Tiliya a Maris ɗin 2021 ya sa ya san abin da suke fuskanta. Ya fahimci fushin matasa a kan ƴan siyasa da kan Faransa. Abin da ya dame shi shi ne rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 da naɗa kantomomi, sannan rusa jam'iyyu a Maris ɗin 2025. Hujjarsa ita ce tsohuwar unguwa tana iya buga ƙofar kansila da sassafe ta ɗaga masa murya, don ita ta sa shi, ita kuma za ta cire shi. Wanda aka naɗa, ko mutumin kirki ne, idonsa na kan wanda ya naɗa shi. A gidanmu ba duka muka yarda da shi ba. Ƙanena yana ganin sai tsaro ya samu kafin a yi maganar akwati, sun sha muhawara a kan tabarma har shayi ya huce, kuma Baba bai taɓa hana shi magana ba. Ni ina tare da Baba, ina kuma fatan matasan da suka tambaye ni za su ga ranar da za su tsaya a taga suna ƙidaya.

Littafinsa na takardun haihuwa yana hannuna. Akwai takardu da suka fito iyaye ba su karɓa ba, akwai waɗanda ke kan hanya. Duk wanda ya san ya ba shi sunan ɗansa ya zo gida bayan la'asar, za mu ƙarasa da yardar Allah. Wanda yake bin sa bashi, kaɗan ko mai yawa, da shaida ko babu, don Allah kada ya ji nauyi, ya same ni ko Baffa. Wanda kuma ya ɓata wa rai a harkar siyasa ko a zaman unguwa, muna roƙo a madadinsa a yafe masa.

Allah ya jiƙansa da rahama, ya jiƙan iyayenku da suka riga mu, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya zaunar da Nijar lafiya. Amin.